Gammon Lawan

Sunana Nuhu. Aikina kula da na'urar aika saƙo guda biyu, ɗaya a Unguwar Sarki, ɗaya a wata ƙaramar tasha a Kawo. Ina goge gilashin kyamara, ina sa takarda, ina duba batir. Wannan labarin Lawan ne, ɗan dako a tashar nan ta Kawo, kuma da hannuna a cikin abin da ya same shi.

A garinsu Lawali ake ce masa, tasha ce ta mai da shi Lawan. Manomi ne daga wani ƙauye a Zamfara. Shekara takwas da suka wuce 'yan bindiga suka same su a gona da hantsi, shi da ƙanensa Sama'ila. Suka harbe Sama'ila a kan kunya, fartanya a hannunsa. Shi kuma suka sare shi da adda a gadon baya, ya faɗi cikin dawa, suka ɗauka ya mutu. Bai taɓa ba ni wannan labari ba. Matarsa Ladidi ce ta gaya wa Harira mai abinci, Harira ta gaya mini. Tabon kuwa na sha ganinsa idan ya tuɓe riga yana wanke jiki a bakin famfo, daga kafaɗa har ƙugu, kamar an ja layi da garma. Saran nan ya bar masa wani abu kuma bayan tabo. Idan ya tsorata, magana takan maƙale masa a wuya, ya yi ta in'ina har sai hankalinsa ya dawo.

Ya kwaso Ladidi da 'ya'yansu mata biyu, suka kama ɗaki guda a Kawo. Ya nemi aikin gadi bai samu ba, ya shiga dako. Ba shi da baro a lokacin, da ka yake ɗauka. Gammonsa tsohon zanin Ladidi ne, shuɗi mai ɗigon fari, wanda yake naɗewa da safe ya warware da yamma. Buhun masara, injin markaɗe, katifa, ƙofar ƙarfe, duk sun hau kan zanin nan. Direbobi sun san shi da abu ɗaya: ba ka ba shi kaya ka waiwaya.

Shekara biyu ke nan da kamfaninmu ya kafa na'urar a bakin tashar. Tsayinta ya kai na firji. A samanta akwai kyamara mai kallon ƙasa, a ƙasa akwai farantin ƙarfe. Ka ɗora kayanka a kan faranti, sai ka gan shi a allo an zagaye shi da koren layi. Tana auna shi, tana bin sa da ido duk inda ka matsar, tana yi maka magana da muryar mace. “Matsar da kaya tsakiya.” “Juya shi.” “Cire hannunka.” In ta gamsu ta ba ka takarda ka manna, ta buɗe maka akwati ɗaya ka saka. Da la'asar ni nake buɗe akwatunan, Lawan ya kai kayan motocin Zariya da Kano.

'Yan tasha suka sa mata suna Hajiya. Lawan ba ya wuce ta sai ya yi sallama.

“Bazamfare, ka daina wahalar da bakinka,” in ji Harira daga rumfarta. “Wannan ba ta amsa sallamar talaka.”

“Ai ko ke ba kullum kike amsawa ba,” in ji shi. “Sai kin ga kwano hannun mutum.”

“To zo ka ci bakinka yau.”

Haka suke kullum, kuma kullum sai ta ƙara masa miya.

Akwai wata al'ada a tashar tun kafin a haife ni. Idan ɗan dako ya ga kayan mutum a yashe, ruwa na shirin dukansa, yakan lulluɓe shi da abin da ke hannunsa ya kai rumfar mai abinci mafi kusa, ya ce ga ajiya. Mai kaya ya dawo ya tambaya, a nuna masa rumfa. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Kowane direba da kamasho da mai shayi ya sani. Ni ma na sani, a tasha na girma.

A watan Yuni wani ya ɗauke jakar wata mata daga kan farantin, ta juya tana amsa waya. Ofishinmu da ke unguwar Doka suka kira ni suka wanke ni tas, kamar ni na sace. Na fito raina a ɓace na wuce wajen injiniyanmu, Zakariyya. Na ce masa tunda kyamarar tana gane hannun da ya ajiye kaya, ina so idan wani hannu dabam ya ɗauka, ta jira minti biyu, in ba a mayar ba ta yi ihu, ta kuma sa hoton mutumin a allo.

Ya dube ni. “Hoton ma? A gaban jama'a? Nuhu, tasha ce fa.”

“Har da hoton. Ɓarawo kunya yake tsoro.”

Cikin minti biyar ya gama. Ni da hannuna na ƙure ƙarar lasifikar. Ban gaya wa kowa a tasha ba, don kada labari ya kai kunnen ɓarayi. Ko sau ɗaya al'adar ajiya ba ta faɗo mini a rai ba.

Ranar wata Alhamis ce a watan Agusta. Ina Unguwar Sarki ina canza takarda. Abin da ban gani da idona ba, na gan shi daga baya a hoton da kyamarar ta ɗauka, don haka ba ƙage nake ba.

Ana kiran Azahar wani mai sayar da wayoyi a Doka, Sulaiman, ya zo da kwali cike da wayoyi zai aika Kano. Ya ɗora a faranti. Hajiya ta ce, “Bakin kwalin a buɗe yake, a liƙe shi.” Ya yi tsaki, ya duba aljihu, ya bar kwalin nan ya tsallaka titi neman salatif. Bai kai ga dawowa ba hadari ya sauko da iska. Rumfar da ke kan na'urar ƙarama ce, feshi ya fara dukan kwalin ta gefe.

Lawan ya zo wucewa da buta, za shi alwala. Ya tsaya. Ya dubi dama da hagu, ya ɗaga murya, “Wa ke da wanga kaya?” Ba wanda ya amsa. Ya warware gammonsa, ya naɗe kwalin da shi, ya rungume a ƙirji, ya kai rumfar Harira ya tura ƙarƙashin tebur bayan itace.

“Ga ajiya, Harira. Mai shi na zuwa.”

Ta ce to, ba ta ko duba ba. Ta ɗauki tiren abinci ta nufi layin motocin Kano, can ƙarshen tasha. Shi kuma ya zaga bayan masallaci, bakin famfo.

Minti biyu suka cika. Hajiya ta buɗe murya: “An ɗauke kaya! An ɗauke kaya! A mayar da kaya!” Allon ya cika da fuskar Lawan, kwali a rungume, an rufe shi da zani.

A daidai lokacin an ta da salla. Duk wanda ya san Lawan, direbobi da kamasho da mai shayi, yana cikin sahu, ruwa na dukan kwanon masallaci kamar ana zuba tsakuwa. Waɗanda suka rage a waje baƙi ne: fasinjoji, masu fakewa ruwa, 'yan Keke da suka faka a bakin titi. Raka'a huɗu. Iyakar lokacin ke nan, kuma ya ishe su.

Sulaiman ya dawo a jiƙe, salatif a hannu. Ya ga faranti wayam, ya ga allo. Ya ɗora hannu a ka.

“Wayoyina! Jama'a, ɓarawo! Ku duba, har lulluɓe shi ya yi!”

Abin da ya kashe maganar ke nan. Ɗan tasha ya ga zanin nan ya san ajiya ce. Baƙo ya gani ya ce ɓoyo ne.

Wayata ta yi ƙara a Unguwar Sarki, hoton da Hajiya ta sa a allo ya shigo mini. Ina ganin shuɗin zanin na san abin da ya faru, na kuma san abin da ke shirin faruwa. Na bar ƙofar na'urar a buɗe na tari Keke. Ina ciki na kira Harira.

“Lawan ya kawo miki ajiya?”

“E, wani kwali. Lafiya?”

“Ki yar da tiren nan ki ɗauko kwalin ki kai bakin Hajiya. Ki ruga, za su kashe shi.”

A bakin famfo suka same shi a tsugune, ya wanke ƙafar dama yana kan ta hagu. Wani mai jar riga ya kwaɗa masa mari ta baya, buta ta yi gefe. Suka ja shi a ƙasa cikin taɓo har gaban na'urar, suka ɗaga kansa ta gashin gemu suna haɗa fuskarsa da ta allo.

“Shi ne! Wallahi shi ne!”

“Ina kayan? Ina ka kai, tsohon banza?”

Bakinsa yana motsi. Na maimaita wurin nan a hoton ya fi sau goma. Yana nuna rumfar Harira da hannu, maganar ta ƙi fita. Da kyar ya ce, “Mi... mi na yi?” Wani ya ji karin harshensa.

“Bazamfare ne! Irinsu ne ke kai wa 'yan daji rahoto!”

Mutumin da 'yan daji suka kashe wa ƙane a gabansa. Daga nan ba wanda ya ƙara tambayar kwali. Aka sa masa ƙafa a ciki. Wani ya fizge benci daga rumfar mai shayi ya sauke masa a baya. Ya ɗaga hannun dama ya kare kansa, wani ɗan Keke ya zo da ƙarfen jak ya buga a kan hannun, sau biyu. Na ji ƙarar ƙashin a hoton, duk da ruwa da ihu. Wata mata mai goyo ta cire takalminta tana dukan fuskarsa da dundunniyar. Wani dattijo mai farar hula, wanda da ka gan shi a hanya za ka rusuna masa, ya tofa masa yawu ya nemi dutse. Hajiya kuma a kansu ba ta fasa ba: “An ɗauke kaya! A mayar da kaya!”

Ruwa ya tare hanya kusa da gada, motoci sun cushe. Na dire daga Keke na yi ta gudu. Da na shigo tashar an riga an zura masa tsohuwar taya a wuya. Mai jar riga ya karɓo galan daga wajen 'yan bumburutu yana zazzaga masa fetur a ka. Lawan a durƙushe, ido ɗaya ya rufe da jini, hannun dama na lilo ta inda hannu ba ya lanƙwasa.

Na yi ihu cewa ni ne mai kula da na'urar, kuskure ne, ajiya ya kai. Ba wanda ya juyo. Magana ba ta shiga kunnen taro. Wani yana ta ƙyasta ashana, ta jiƙe, ta ƙi kamawa. Wani ya ce ga laita. Na kama hannun mai laitar da hannu biyu na murɗe, muka faɗi tare cikin taɓo, laitar ta shige ƙarƙashin mota. Aka ce ga abokin satarsa. Wani abu ya same ni a baki, na ji haƙora biyu a kan harshena. Aka tattaka mini haƙarƙari. Ina kwance na ga mai jar riga ya durƙusa yana lalube a ƙarƙashin motar.

Sai ga Harira. Ba ɗankwali, takalmi ƙafa ɗaya, kwalin a kanta har yanzu cikin zanin. Tana kutsawa tana ture maza da kafaɗa. Wani ya kai mata gwiwar hannu a baki, leɓenta ya fashe, ba ta tsaya ba. Ta dire kwalin a ƙafar Sulaiman.

“Kai ne mai kayan? Ga tsiyarka! Buɗe!”

Ya tsaya yana kallonta.

“Na ce ka buɗe, ɗan banza! Ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba. Da zanin matarsa ya rufe maka!”

Ta juya ta tsaya a kan Lawan, jini na zuba a haɓarta. “Wa ke da wutar? Ya zo ya fara da ni. Kai mai jar riga, zo mana! Uwarka ba ta fi ni tsufa ba, zo ka ƙona ni!”

Sulaiman ya warware zanin. Wayoyin na nan a jere, a bushe.

A lokacin liman ya sallame. Direbobi suka fito suna neman takalma, suka ga taya a wuyan Lawan. Malam Yahya, direban layin Kano, ya zari sanda. Amma taron ya riga ya fara narkewa. Mai goyo ta sa takalminta. Dattijon ya gyara hularsa ya shiga mota. Kafin a cire tayar, mutum kusan hamsin sun zama 'yan kallo, kowa na cewa wallahi yanzu ya iso. Na tashi da rarrafe na buɗe bayan na'urar na fizge wayar lasifika. Sai a sannan Hajiya ta yi shiru.

Malam Yahya ya sauke fasinjojinsa ya kwantar da Lawan a kujerar baya. Harira ta riƙe kansa har asibiti. Hannun dama ya karye wuri biyu, ƙashin wuya ya tsage, haƙarƙari uku sun karye, idon hagu ya tafi. Fetur ya saɓule masa fatar wuya da ta baya, har kan tsohon tabon. Ya kwana huɗu bai san inda yake ba. A na biyar ya nemi ruwa.

Magana kuwa an yi ta. Sulaiman ya zo sau ɗaya da ledar lemo, ya ce wallahi shi bai ce a taɓa kowa ba, na'ura ce ta nuna. Kamfani ya aiko takarda mai hatimi cewa yana baƙin ciki. An karɓi hoton kyamarar an ce za a bi sawu. An yi wa'azi a kan ɗaukar doka a hannu, wasu daga cikin waɗanda suka yi dukan ma suna gyaɗa kai. Harira kuwa kullum da rana tana aika kwano biyu gidan Ladidi, wata biyar ba fashi.

Da ya fara zama na je na gaya masa. Ladidi na gefe tana fifita shi.

“Baba Lawan, ihun nan da hoton nan, ba haka aka kawo ta ba. Ni na ce a sa.”

Ya juyo da ido ɗayan. “Kai kas sa?”

“Ni.”

“Kuma ba ka hwaɗa mani ba.”

“Ban faɗa ba.”

Ya juya fuskarsa bango. Ladidi ta ce, “Malam Nuhu, ka je kawai.” Na tafi. Ban roƙi gafara ba, ban ga abin da kalmar za ta ɗora masa ba. Na sa Zakariyya ya cire ihun da hoton gaba ɗaya, bai ko tambaye ni dalili ba. Da la'asar ni nake ɗaukar saƙonni da kaina in kai motoci, abin da ake ba ɗan dako in miƙa wa Harira ta haɗa da kwanon Ladidi. A wata na biyu na gane nauyin da mutumin nan yake ɗauka yana raha. Wuyana har yau bai koma daidai ba.

Bayan wata biyar ya dawo tasha. Ba ya iya ɗora kaya a ka, hannun dama ba ya wuce ƙirji. Direbobi suka haɗu suka saya masa baro, yana turawa a karkace. Zanin kuwa Harira ta wanke masa, yanzu a kafaɗa yake rataye shi. Ya daina yi wa Hajiya sallama. Ni yana amsa gaisuwata, iyakarta ke nan.

Ruwan farko na bana ya sauko ranar wata Talata da hantsi. Ina bayan na'urar ina duba batir. Wata mata ta ɗora kwalin atamfofi a faranti, ta tuna ta bar lambar mai karɓa a wajen mijinta a mota, ta tafi. Iska ta taso, feshi ya fara shigowa ta gefe kamar wancan karon.

Lawan ya ajiye baronsa. Ya zo ya tsaya ta ɓangaren da ruwan ke shigowa, ya ba shi baya. Ya zare zanin daga kafaɗa, ya kama gefe ɗaya da hannun hagu ya ɗaga, ya ciji ɗaya gefen da haƙori, ya yi wa kwalin katanga. Ya bar saman a buɗe yadda kyamarar za ta ci gaba da ganinsa. A allo koren layi na nan zagaye da kwalin.

Na ce, “Baba Lawan, an cire ihun tuni. Ɗauka ka kai wa Harira.”

Ya saki zanin daga baki. “Kai ka ce.”

Ya sake cije shi. Ruwa na bin tabon bayansa ta cikin riga. Harira ta leƙo daga rumfa ta ce, “Bazamfare, za ka kwashi mura a banza!” Bai motsa ba. Na rufe bayan na'urar, na zo na kama gefen da ya ciza, na ɗaga. Ya dube ni, ya sake mini. Muka tsaya haka kusan minti goma, har matar ta dawo da gudu da takarda a hannu. Kwalinta a bushe, kuma ko yatsa bai ɗora a kai ba. Ya matse zanin, ya rataya, ya koma ga baronsa.